Likitar da Ban Rubuta Ba

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Yau aka buɗe lokacin canjin inshorar lafiya ta tsofaffi, kuma kafin in shanye kofin safe waya ta yi ƙara sau uku. Kowa ya tashi da son taimakon tsofaffi. Haka za mu sha har 7 ga Disamba, akwatin wasiƙa cike da takardu masu hoton tsoho da tsohuwa suna ƙyaƙyata dariya a bakin teku. Shekarata saba'in da ɗaya, ban taɓa ganin wanda ya yi dariya yana karanta takardar inshora ba.

Mijina Lucius ya jera su a kan teburin cin abinci, kowace da launinta, har babu wurin ajiye faranti. Wai bana shi zai zaɓa mana. Bara ma shi ya zaɓa, haka bara waccan.

Wasiƙar da ta dame ni ba ta kan teburin. Tana cikin jakata tun Juma'a, Allah ya taimake ni na riga shi zuwa akwati. Kamfaninmu ne ya rubuto mini, ni kaɗai: daga 1 ga Janairu katina ba zai yi aiki a asibitin nan na Birmingham ba. A can Dakta Menon take. An sa mini ranar aikin tiyata 14 ga Janairu.

Lucius bai san akwai wata Dakta Menon a duniya ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da hantsi

Na kira Darnetta Boykin. Ni na koya mata karatun Lahadi a coci tana da kitso biyu, yanzu ita ce wakiliyar inshora mai lasisi, ofishinta na jikin shagon aski. Ta ce sai mun sa hannu a wata takarda kwana biyu kafin ta zauna da mu. Takardar izinin yin magana a kan takarda ke nan. Ƙasar nan ta ishe ni.

"Mis Ozella, ku zo da duk magungunanku a leda, kwalba-kwalba, kada ku rubuto mini suna da ka. Da sunan kowane likita. Kowane, kin ji?"

Na ce na ji.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe uku na yamma

Mun je. Lucius ya sa hular zuwa coci, ya riƙo leda kamar mai kai kaya kasuwa. Darnetta ta zazzage ta a tebur tana shigar da sunaye a kwamfuta, sai ta ɗaga wata kwalba.

"Mista Lucius, wannan na tsutsar ciki ne. Na karenku."

"Ke kika ce duka."

"Ba dai sha kake yi ba?"

"Da ina sha, da kin ga na fi haka gudu."

Ta duba nasa tsaf. Likitan zuciyarsa yana nan a tsarinmu, magungunansa bakwai duk suna ciki, ta ce ya zauna inda yake. Shi kuwa ya kafe a kan wani tsari da yake gani a talabijin, na wani mutum mai fararen haƙora da ke cewa za a ba ka katin cefane da haƙoran roba kyauta. Ta yi masa bayani sau biyu. Ya yi kunnen uwar shegu.

Sannan ta juyo kaina. Na ba ta takardata: likitan ido, da likitan garinmu mai duba hawan jini.

"Akwai wani likita kuma?"

Kafin in buɗe baki Lucius ya amsa. "Wa? Zell? Wannan matar ko mura tsoronta take ji."

"Mis Ozella nake tambaya. Akwai wani kuma?"

Na ce babu. Ta kafe ni da ido, irin kallon da ni nake yi mata da, in ta ɓoye alewa a cikin Littafi Mai Tsarki. Sai ta ce kowa da nasa tsarin, ba dole ne miji da mata su riƙe iri ɗaya ba.

"A gidana dole ne," in ji shi. "Shekara arba'in da bakwai, coci ɗaya, banki ɗaya, kati ɗaya. Abin da nake da shi, shi take da shi."

Yana faɗa yana buga tebur da yatsa, kwalaben suna rawa. Na so in kwaɗa masa ledar a ka.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da rana

Zan gaya masa ranar Lahadi bayan coci.

Lahadi, 27 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Ban gaya masa ba. Ya ci soyayyar tarwada da burodin masara har ya ƙara, karon farko tun da zuciyarsa ta kayar da shi a lambu cikin watan Maris. Na tsaya ina kallon yadda yake suɗe yatsu. Abin da likitoci suka gani a hoton da suka ɗauke ni shi ne ya ɗauke mahaifiyarsa, kuma shi ya yi jinyarta wata goma sha ɗaya. Har yau ba ya bin titin da ta kwanta. To ta ina zan fara?

Na wanke kwanuka. Ya bar mini cokali a cikin kwandon shara, kamar kullum.

Alhamis, 31 ga Oktoba, bayan mun dawo

Birmingham da ƙawata Vernice. A gida mun ce sayen yadi za mu. Wannan ne sayen yadi na huɗu tun Satumba, kabad ya cika da yadin da ba na so.

Matar da ke teburin karɓar marasa lafiya ta duba katina ta girgiza kai. Idan Janairu ta shigo da wannan katin a hannuna, sai a tura ni wani asibiti, a sake gwaje-gwaje daga farko, ƙila Maris, ƙila Afrilu. Na tambayi Dakta Menon ko abin zai jira Maris. Ta ajiye biro, ta ce ita ba za ta so ya jira ba.

Vernice ta yi mini faɗa tun daga Birmingham har ƙofar gida, awa biyu cur, tana tuƙi da hannu ɗaya.

"Ke dai Ozella akwai taurin kai. In sun kwantar da ke me za ki ce masa? Yadin ne ya faɗo miki?"

"Ki kalli hanya."

"Ina kallo. Mutumin nan ba jariri ba ne."

"Ba ke kika ɗauke shi daga cikin kabeji ranar da ya faɗi ba."

Ta dasa daga inda ta tsaya.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da safe

Waya sau shida. Ɗaya daga cikin masu tallan inshorar ya kira ni da "masoyiya". Na ce ya je ya kira kakarsa haka.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, ƙarfe biyu

Lucius ya tafi aski, na ce zan jira a mota. Yana shiga na faɗa ofishin Darnetta, bango ɗaya tsakaninmu, ina jiyo muryarsa yana gardamar ƙwallo.

Ban ma zauna ba na ce, "Akwai wata likita."

Ta tashi ta rufe ƙofa. Ba ta ce ai na sani ba, na gode mata da wannan. Ta tambayi sunan, da asibitin, da ranar. Da ta ji sashen da likitar take, hannunta ya tsaya a kan kwamfuta kaɗan, sannan ta ci gaba. Ta bi tsare-tsaren gundumarmu ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya tak ne yake da asibitin da likitar gaba ɗaya. Dala talatin da tara a wata, babu haƙora, babu katin cefane. Ba ta yarda da abin da kwamfuta ta nuna ba sai da ta kira ofishin Dakta Menon a gabana suka tabbatar.

"Kada ki gaya wa Lucius."

"Ba zan iya ba ko da ina so, Mis Ozella. Maganar lafiyarki taki ce. Amma wasiƙunsu gidanku za su zo, kuma duk garin nan an san wa ke buɗe akwatinku."

"Zan gaya masa."

"Yaushe?"

Yarinyar da na goge wa majina ce take tambayata yaushe.

Talata, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Na sa hannu. Na fito ina jin kamar an sauke mini buhun masara. Na saya wa Lucius ƙanƙarar madara mai ɗanɗanon gyaɗa duk da an hana shi, ya ce me na yi masa na laifi.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da rana

Mai kawo wasiƙa yana zuwa sha ɗaya saura kwata. Tun sha ɗaya saura minti ashirin nake fita da tsintsiya. Barandar nan ta kusa hujewa saboda shara.

"Zell, yaushe kika fara son mai kawo wasiƙa? Yaron ya girmi jikanki da kaɗan."

"Tun da wanda ke gida ya tsufa."

Katin ya zo jiya. Yana cikin gwangwanin zare, ƙarƙashin maɓallai.

Laraba, 20 ga Nuwamba, ƙarfe goma

Zan gaya masa bayan bikin Ranar Godiya na mako mai zuwa. Ba zan ɓata wa mutane talo-talo ba.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da la'asar

Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Kek ɗin dankali shida, ganye tukunya biyu, talo-talon ya ƙi narkewa daga ƙanƙara. 'Yarmu Yvette tana hanya daga Atlanta, ta kira sau uku tana tambayar ko a sayo ƙanƙara, kamar mu a daji muke.

Ana cikin haka, hannuna dumu-dumu da ƙullu, madara tana neman tafasowa, sai ga Lucius da waya ya manna mini a kunne.

"Faɗi sunanki da ranar haihuwa."

"Wane ne?"

"Katin cefane ne. Kyauta. Ki dai ce eh, na riga na ba su lamba."

Wani yaro ne a can yana zuba kamar rediyo, ban ji ko rabi ba. Na faɗi suna, na ce eh, eh, eh, don su biyun su fita mini daga kicin. Shekara arba'in da bakwai yana miƙo mini abu in ce eh, na saba. Madarar ta zube duk da haka.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, bayan cin abinci

Da aka zagayo kaina in faɗi abin da nake godiya a kai, na ce lafiya. Vernice ta ƙware da ruwa. Yvette ta ce na rame, na ce rigar ce.

Ban gaya masa ba. Bayan Kirsimeti.

Litinin, 2 ga Disamba, ƙarfe ɗaya

Darnetta ta kira, muryarta ba daɗi.

"Mis Ozella, da wa kika yi magana a waya?"

Na ce babu kowa. Sai na tuna wayar ranar ƙullun nan. Ashe ba katin cefane ba ne kawai, tsarin mai fararen haƙora ne gaba ɗaya, Lucius ya shigar da mu mu biyu. Kuma ƙa'idar ita ce wanda ka amsa na ƙarshe shi ke aiki. Eh ɗin da na yi a kan murhu ya goge hannun da na sa a ofishinta. Ta duba, asibitin Birmingham ba ya cikinsa, Dakta Menon ba ta ciki.

Na zauna a gefen baho don a nan ne kaɗai ba ya jin waya. Ta ce ana iya gyarawa, saura kwana biyar, in zo ranar Alhamis.

Na fito na same shi yana fito, yana lissafa abin da zai saya da katin cefanensa. Wai har da zuma. Ban taɓa jin haushin mutum irin na yau ba, kuma ba ni da bakin faɗa masa dalili. Na ƙona masa burodi da gangan, ya cinye ya ce ya yi daɗi.

Talata, 3 ga Disamba, da yamma

Ya riga ni zuwa akwati. Ina banɗaki.

Wasiƙa ce daga kamfanin da na shiga a ɓoye, suna sanar da ni an soke shigar da na yi ranar 12 ga Nuwamba ta hannun wakiliya D. Boykin. Ya karanta sau biyu a tsaye.

"Kin ga 'yar Boykin? Ta canja miki tsari a bayan idonmu! Dala talatin da tara, babu ko haƙori ɗaya, don ta ci lada a kanki. Yarinyar da muka yi wa karo-karo ta je kwaleji! Da ban kira mutanen nan ba da mun shiga uku."

"Lucius, ƙyale yarinyar nan."

"In ƙyale ta ta yi wa wata tsohuwar? Sai an karɓe lasisin nan."

Ya kira ofishin inshora na jiha, ya je ɗakin karatu na gari aka buga masa takardar ƙara. Ya ce ranar Lahadi zai tashi a gaban jama'a a coci ya faɗa. Yana zaune yanzu yana cike takardar da manyan baƙaƙe, harshe a waje, yana tambayata yadda ake rubuta "zamba".

Ni kuma ina nan ina rubutu a littafi. Kunya nake ji, ba haushi ba. Darnetta tana da 'ya'ya biyu, kuma lasisin nan shi ne abincinsu.

Laraba, 4 ga Disamba, da safe

Saura kwana uku. Jijiyar wuyansa tana harbawa yadda ta yi a watan Maris, ina gani daga nan.

Alhamis, 5 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Ya ce tare za mu je, yana so ta ga takardar kafin ya aika. Ofishin cike da tsofaffi da ledojinsu, duk waɗanda suka bar abu sai ƙarshe. Bai jira layi ba.

"Darnetta Boykin, wa ya ba ki izinin taɓa katin matata?"

Ta miƙe. "Mista Lucius, mu shiga ciki."

"Nan za mu yi, kowa ya ji. Uwarki mutuniyar kirki ce, da tana raye da kunya ta kashe ta. Nawa suka ba ki?"

"Ba zan iya magana a kan tsarin Mis Ozella ba sai da izininta."

"Ga ta nan! Matata ce!"

Darnetta ba ta ko kalle ni ba. Abin da ya karya ni ke nan. Da ta kalle ni sau ɗaya da na ji haushinta na samu abin riƙewa. Ta tsaya hannu a haɗe, ana zaginta a gaban mutanen da take ci da su, masu aski sun leƙo da tawul a wuya, ita kuwa idonta a kan hularsa.

Na ce, "Lucius Tubbs, zauna."

"Zell, bari in—"

"Na ce zauna. Ni na zo da ƙafata, ni na sa hannu. Ranar da na fara zuwa kana can kana aski."

Darnetta ta tura mu ɗakin ciki ta ja ƙofa, ta tsaya a waje. Na gaya masa. Ban yi kwana-kwana ba, na faɗi sunan abin, karon farko da bakina ya faɗe shi tun Satumba. Na faɗi asibitin, da likitar, da ranar, da yadin. Ina magana ina kallon wuyansa, hannuna a kan ƙwayar da ake sa masa ƙarƙashin harshe, wadda na ɗauko tun daga gida.

Bai faɗi ba. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana kallon cikinta. Sannan ya tashi ya buɗe ƙofa.

"Wanne ne yake da likitar?"

"Wanda kuka soke, Mista Lucius."

"Mayar da ita."

Na sake sa hannu yana tsaye a kaina. Ta duba nasa, ashe shi ma likitan zuciyarsa ba ya cikin na talabijin, ta mayar da shi tsohon tsarinsa. Kati biyu daban-daban, bai ce uffan ba. Da muka fito ya tsaya a tsakiyar mutane, inda ya yi ihun, ya ce da ƙarfi, "Ni ne wawan. Yarinyar nan ba ta yi komai ba. Darnetta, ki yafe ni." Ta ce ya wuce, ta kira na gaba.

A mota bai yi mini magana ba.

Juma'a, 6 ga Disamba, da rana

Ya cire wayar gida daga bango ya saka ta a aljihun tebur, wai sai ranar Lahadi, bayan an rufe lokacin canji. Bai ci abincin safe ba. Ya kai motar gareji tun bakwai. Kalma huɗu ya faɗa yau, biyu daga ciki wa kare ne. Na gwammace ihun.

Asabar, 7 ga Disamba, bayan mun dawo

Ƙarfe takwas ya ce in sa takalmi. Sababbin tayoyi huɗu a motar. Sai da muka hau babban titi na gane Birmingham za mu.

"Yau Asabar, babu kowa a ofishinta."

"Na sani. Hanya zan koya."

Mutumin nan ya yi tafiyar awa biyu a awa uku da rabi. Manyan motoci suna ta danna mana hon, yana riƙe da sitiyari kamar za a ƙwace. Ya ɓata sau biyu, ya ƙi tambaya, ya ƙi sauraron wayar da ke nuna hanya, ya ƙi saurarona. Na ce a haka sai an gama aikin an sallame ni kafin mu iso. Ya ce shi ya sa ake gwaji.

Ya zagaya wurin ajiye motoci har ya samu inda ya fi kusa da ƙofa, ya rubuta lambar wurin a tafin hannu. Ya kashe mota. Muka zauna muna kallon ginin.

"Hawa na nawa?"

"Na huɗu."

Ya ƙirga tagogi da yatsa daga ƙasa.

"Sau nawa kika zo?"

"Huɗu."

"In suka kira ki ciki, wa ke riƙe miki jaka?"

"Vernice."

Ya ja tsaki. "Vernice ba ta iya riƙe jaka ba. A ƙasa take ajiyewa."

Ya miƙo hannu ya ɗauke jakar daga cinyata, ya ɗora a tasa, ya rungume ta da hannu biyu, idonsa a kan hawa na huɗu. Na buɗe baki in ce masa tabarauna yana ciki, ina so. Sai na ga kafaɗunsa, na ƙyale shi.